Godiya bayan suna, da labarin sarƙar da kuka yi ta tambaya

Assalamu alaikum ƴan uwa da abokan arziki. An yi suna lafiya, an watse lafiya, baƙinmu na Tasawa da Madarunfa da Katsina duk sun aiko cewa sun sauka gida. Alhamdu lillahi. Shekara 11 muna jiran wannan rana ni da maigidana, ga shi Allah Ya ba mu ɗiya mace.

Ranar suna mata da yawa sun kama sarƙar azurfar da ke wuyana suna juyawa, wata ta ce fure ne, wata ta ce ƙwan zabi ne a cikin faifai. Na ce su bari in huta zan faɗa, to ga shi. Hoton ɗiyata ne tun tana da kwana 3 da haɗuwa, kafin a mayar da ita cikina. Ta hanyar dashen ciki muka same ta, wato a ɗebi ƙwan mace da maniyyin mijinta a haɗa a ɗakin gwaji, sannan a saka a mahaifa. Na faɗa a fili ne da gangan, domin na san mata nawa suka bi wannan hanya a garin nan suka ɓoye kamar sun yi abin kunya. Mun tambayi malamai kafin mu tashi, suka ce muddin ƙwan na matar ne, maniyyin na mijinta ne, kuma aure na nan, babu laifi. Kuma aikin ya daɗe: tun 1978 aka haifi Louise Brown a Ingila ta wannan hanya, har Robert Edwards, ɗaya daga cikin waɗanda suka yi aikin, ya karɓi kyautar Nobel a 2010.

Sau biyu muka bi ta Ɗan Isa da Jibiya zuwa Abuja. Na farko bai kama ba. Na sha allura kwana da kwanaki a fatar ciki, aka ɗebi ƙwai, aka saka, na yi zaman jiran sati 2, gwajin jini ya fito babu komai. Wannan dawowar ba na son tuna ta. A karo na biyu ne matar da ke kula da ƙwayayen a ɗakin gwaji ta kira ni gaban na'ura ta ce, “Hajiya, zo ki gani.” Ta nuna mini yadda ƙwaya ɗaya take rabuwa biyu, biyu su zama 4 a kwana na biyu, a kwana na uku su kai 8, duk a cikin wani siririn ɓawo da ya kewaye su, gaba ɗayansu ba su wuce kaurin gashi ɗaya ba. Na tsaya ina kallo, ayar Suratul Mu'minun da nake karantawa tun ina allo ta faɗo mini, nuɗfa, alaƙa, mudga, na kasa magana. Baiwar Allah, kin buga mini hoton nan a takarda ba tare da na roƙa ba. Allah Ya biya ki.

Takardar nan maigida ya ɗauka a ɓoye ya kai wa wani maƙerin azurfa, Buzu, dattijo. Ya fara sassaƙa siffar da kakin zuma, ya lulluɓe da laka, ya narkar da kakin ya zuba azurfa a gurbinsa, yadda suke yin sarƙar Agadas. Da farko ya daidaita ƙwayoyin 8 sumul, maigida ya ce a'a, a hoton ɗaya ta ɗan fi sauran ƙanƙanta, haka yake so. Dattijon ya fasa ya sake, bai ƙara ko dala ba da ya ji labarin. Baba, mun gode, Allah Ya yi wa zuriyarka albarka.

Maigidana, Abban jaririya, an sha ba ka shawarar ƙara aure a gabana da bayan idona, kai kuwa ka je aka gwada ka kamar yadda aka gwada ni, ka sayar da filinka, ba ka taɓa yi mini gori ba. Ba ni da bakin gode maka. Inna, uwar mijina, ke kika riƙa tare mini maganar mutane a gidan biki. Yayata da ta bar ƴaƴanta ta zauna da ni a Abuja, matan adashenmu da suka ba ni kwasar farko ba layina ba, likitoci da ungozomomin da suka karɓi haihuwa a nan Maraɗi, maƙwabtan da suka tsaya kan tukwane tun asuba, da Gwaggo da ke fama da ni da ruwan wanka da kunun kanwa har yau, Allah Ya saka wa kowa da alheri.

Ƴan uwana mata da ke cikin jira, na gan ku ranar suna, kun zo kun yi mini barka da zuciya ɗaya, na kuma san nauyin zuwan. Aikin nan yana cin kuɗi sosai kuma ba kullum yake kamawa ba, ba zan ɓoye muku ba. Wadda take son jin yadda ake bi, ta zo gida bayan la'asar, ina nan cikin jego har arba'in, mu zauna a ɗaki in nuna mata takardun.