Godiya ga duk wanda ya sa hannu har Baba ya ga teku

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki.

Alhamdu lillahi, mun je mun dawo lafiya. Jiya Lahadi bayan la'asar muka sauka Legas daga Badagry, mu 11 kamar yadda muka tafi, ko ciwon kai babu wanda ya yi. Na ga ya kamata in fito fili in yi godiya, domin a cikin waɗanda suka yi mana alheri akwai waɗanda ko lambar wayarsu ba ni da ita.

Ga wanda bai san mafarin zancen ba, Baba ya zo wurina a Agege tun watan jiya don aikin ido. An yi aikin, Allah ya ba da sa'a, yanar ta tafi. Ranar da aka cire masa bandeji na tambaye shi abin da yake so ya gani kafin ya koma gida, sai ya ce teku. Mutumin da ya shafe sama da shekara 30 yana zuwa Ikko sarin goro, ashe ruwan da yake hange daga kan gadar Carter shi ya ɗauka teku, bai san tafkin Legas ne ba. Da na ce to sai mu shiga jirgin ruwa, nan take fuskarsa ta canza. Ƙauyenmu ba shi da nisa da Bagwai, kuma Baba yana cikin waɗanda suka je ta'aziyya a 2021, lokacin da kwale-kwale ya kife a madatsar Watari da ɗaliban Islamiyya da suka nufi Mauludi. Tun ranar ko hoton jirgin ruwa ba ya son gani. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Saboda haka godiyata ta farko ga Kawu ce. Kwana uku yana zuwa bayan isha'i yana lallaɓa yayansa. Bai taɓa ce masa "ai babu komai" ba. Ya ce masa, "Yaya, mu je bakin ruwan ka gani da idonka. In ranka bai kwanta ba mu juyo, ni zan biya kuɗin jirgin." Kawu, Allah ya bar zumunci, ya sa 'ya'yanka su yi maka fiye da haka.

Sai matuƙinmu, wanda saboda shi na zauna rubuta wannan saƙo, don yabon gwani ya zama dole. Mutumin Badagry ne, ɗan ƙabilar Egun, ba ya jin Hausa sai "sannu" da "madalla". Da muka isa tashar Marina da safiyar Asabar, sai ga wasu samari biyu daga unguwarmu sun biyo mu suna so a sa su. Ni kaina na roƙa musu, don na ga kamar akwai wuri. Ya ƙi. Ya ƙirga kujerun da yatsa, ya ƙirga rigunan kariya, ya ce iya adadin ke nan, ko nawa za a ƙara masa. A lokacin na ji nauyin yaran, amma da na waiwaya na ga Baba yana kallonsa yana gyaɗa kai, na gane wannan ƙin shi ya shigar da tsohon cikin jirgi. Sannan ya durƙusa da kansa ya ɗaure wa Baba rigar kariya a kan babbar riga, ya ja igiyar, ya sa yatsu biyu ya gwada ko ta matse. Ya nuna mana jarkokin man fetur na ajiya, ya zaunar da masu jiki a tsakiya, ya ce kada kowa ya miƙe sai ya ba da izini. Baba ya karanta "Bismillahi majreha wa mursaha", ya sa ƙafar dama.

Matuƙin ne kuma ya ba mu shawara tun farko mu yi tafiyar yanzu da hunturu. Ya ce daga Yuni zuwa Agusta tekun nan haukacewa take yi, amma a Disamba da Janairu ruwa kwanciya yake. Haka kuwa muka tarar. Muka wuce tashar Apapa da manyan jirage maƙare da kwantena, muka bi mashigin da ke tsakanin katangun duwatsun da Turawa suka fara jerawa tun wajen 1908 don yashi kada ya toshe bakin tashar. Muka bar Tarkwa Bay a hannun dama, sai ga ruwa ya buɗe, babu gaɓa a gaba, hazo ya haɗe sama da ruwa. Jirgin yana ɗagawa a hankali yana sauka kamar numfashin mai barci. Matuƙi ya rage inji ba tare da an ce masa ba. Baba ya yi shiru mai tsawo, hannunsa riƙe da gefen jirgi. Can sai ya saki, ya miƙa hannu ya ɗebo ruwa ya ɗanɗana, ya ce, "Tabarakallah, gishiri ne tsantsa." Ya tuna mana hadisin da Annabi (SAW) ya ce ruwan teku mai tsarkakewa ne, mushensa kuma halal ne. Ya ce tun yana almajiri ya karanta shi, sai yau ya taɓa ruwan da ake magana a kai. Aka ɗebo masa a buta ya yi alwala a zaune. Ni dai na juya baya, don ban so yara su ga idona.

Mun ɗan bi gefen gaɓa har muka hangi tsohuwar hasumiyar fitilar jirage, sannan muka juyo muka ɗauki hanyar ciki, rafin da ya miƙe yamma zuwa Badagry, ta gefen Tin Can da ƙauyukan masunta da itatuwan kwakwa. Kafin azahar mun isa.

Godiya ga 'yan uwanmu Hausawa mazauna Badagry. Waya ɗaya Kawu ya yi, amma muka tarar an share ɗakuna biyu, an shimfiɗa tabarmi, ga tuwon shinkafa da miyar kuka da soyayyen kifi. Hajiyar gidan, ke da kika ba matata da yara ɗakinki kika koma na kishiyarki, Allah ya gina miki gida a Aljanna. Da na ciro wani abu zan ba maigidan, ya riƙe hannuna ya ce kada in ɓata masa lada.

Da safiyar Lahadi muka zaga gari. Mun ga gidan benen da 'yan mishan suka kammala a 1845, da kurkukun bayi na Seriki Abass, ɗakuna ƙanana masu taga guda can sama. Na gaya wa Baba cewa daga garin nan Bature Clapperton ya tashi a ƙarshen 1825 ya nufi Kano da Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, kuma a Sakkwaton Baturen ya mutu a 1827. Baba ya ce ashe hanyar goro tsohuwar hanya ce.

Daga nan matuƙi ya ƙetare da mu zuwa tsibirin Gberefu, inda ake bi da bayi a ƙafa har bakin teku. Tafiya ce cikin yashi, kuma ina godiya ga saurayin da ya goya Baba a babur ya riƙa tafiya a hankali daidai da mu. A bakin ruwan na ba Baba labarin cewa cikin waɗanda aka kwasa daga gaɓar nan ta yammacin Afirka akwai Hausawa, har sun shirya bore a Bahiya ta Brazil a 1807, kuma a 1835 Musulmin bayi, Yarabawa da Hausawa, suka tashi cikin watan azumi, aka samu layu da rubutun Larabci a jikinsu. Baba ya tambaya ko an yi musu sallah. Bai jira amsa ba ya ɗaga hannu, muka karanta musu Ƙulhuwallahu ƙafa 11. Matuƙinmu ba Musulmi ba ne, amma ya cire hularsa ya tsaya tare da mu har aka shafa.

Ya matsa mana mu taso da wuri don ba ya tuƙi da dare, shi ya sa muka iso da sauran rana. Da muka sauka Baba ya kama hannunsa da hannu biyu, ya ciro farin goro guda uku daga aljihu ya ba shi.

Na gode wa matata da ta kwana tana soya dambun nama da cincin na guzuri, da ƙanena da ya riƙe shago kwana biyu, da abokan kasuwa da suka haɗa kuɗin mai ba tare da na roƙa ba. Samarin nan biyu da aka bari a tasha, ku yi haƙuri, na yi muku alkawari in Allah ya kai mu bayan sallah za mu koma tare. Wanda ya ɗauki hoton Baba yana alwala a cikin jirgi, don Allah ya turo mini kafin Laraba, ranar Baba zai koma gida. Ya riga ya sa gorar ruwan teku a jakarsa, ya ce zai kai wa Inna ta ɗanɗana.