Idan libc ya lalace a saba: yadda muke ceto na'urar

A cikin kiran gaggawa da ƙaramin kamfaninmu na kula da sabobi (kwamfutocin da ke riƙe shafukan intanet da bayanan ofis) ke samu daga ofisoshin Wuse da Garki, babu mai tayar da hankali kamar na lalacewar libc.so.6. Wannan fayil na glibc, wato tarin ayyukan da shirye-shirye ke amfani da su tare, shi ne ginshiƙin Linux: umarnai irin su ls, cp, sudo, ssh, har bash mai karɓar umarnin, duk a kansa suke tsaye. Da ya samu matsala sai kowane umarni ya riƙa mutuwa, alhali shafin intanet ɗin na iya ci gaba da aiki, don shirye-shiryen da suka riga suka tashi suna riƙe da tsohon kwafin.

Abin da muke fara gaya wa mai ofis shi ne: “Ranka ya daɗe, kada a kashe na'urar, kada a rufe tagar SSH da ke buɗe.” Tagar SSH ita ce hanyar ba sabar umarni daga nesa. In aka kashe sabar, ba za ta sake tashi ba. In an taɓa saka busybox-static, wani shiri mai ɗauke da ƙananan umarnai a cikinsa, da shi za a kwafe lafiyayyen libc ta wannan tagar, domin bai dogara da libc ba.

In kuwa an riga an kashe, sai a tayar da ita daga filashi mai ɗauke da Linux iri ɗaya da na sabar. A duba lafiyar faifai da smartctl, a ɗauki kwafinsa da ddrescue in yana da rauni, a yi fsck don gyara tsarin fayilolinsa, sannan a ɗora shi a /mnt, jakar da za a riƙa ganin abin da ke cikinsa. Nan da yawa suke garajen yin chroot, wato shiga tsarin da ke kan faifan a yi aiki daga ciki, ya ƙi, tunda bash ɗin ciki ma libc yake nema. Gyaran daga waje ake yinsa.

A Debian da Ubuntu sunan kunshin da ke ɗauke da fayil ɗin libc6. A nemo lambar sigarsa a /mnt/var/lib/dpkg/status, a sauko da wannan lambar tak. Kada a ɗauko fayil daga wata na'ura don kawai sunan ya zo ɗaya. Dole libc ya dace da ld-linux-x86-64.so.2, fayil ɗin da ke loda shi, in ba haka ba an ƙara jagwalgwala lamarin. A warware kunshin da dpkg-deb -x cikin wata jaka daban, kada a zuba shi kai tsaye a /mnt, saboda a sababbin tsari /lib mahaɗa ce zuwa /usr/lib, kuma ana iya take ta. A kwafe fayilolin zuwa mazauninsu a cikin /mnt, a shiga chroot, a yi apt install --reinstall libc6, sai ldconfig da dpkg --verify. A Rocky ko AlmaLinux abin ya fi sauƙi: dnf --installroot=/mnt reinstall glibc.

Sanadin kuma, yawanci wuta ce aka ɗauke ana tsakiyar sabuntawa, janareta bai kama ba, batirin UPS ya daɗe da mutuwa ba wanda ya kula. Wani lokacin faifai ne ya cika. Shi ya sa ba ma miƙa saba sai mun zare wayar UPS daga bango mun ga minti nawa zai riƙe ta.