Baba da Excel

Yau na leƙa cibiyar koyon kwamfuta ta unguwarmu, na tarar da wani dattijo akawu kusa da wata yarinya mai shirin JAMB. A ofis aka ce masa lissafin albashi ya koma Excel, manhajar lissafi ta kwamfuta, ba wanda ya koya masa. Da yatsa ɗaya yake dannawa. Ta ce, "Baba, ba sai ka tara da kanka ba, danna nan." Nan take jimla ta fito. Ya gyara tabarau ya ce, "'Yata, sake yi in gani." Wallahi ya burge ni.

Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, dole yara suka koya. Su Baba kuwa da kuɗin aljihunsu suke biyan horon da ya kamata ofis ya ba su.