Yadda Na Sauya Sabar Domen a Wani Ofishi a Apapa

Kamfanin na wani Alhaji ne bakano da ke da tireloli, yana kwasar kaya daga tashar jiragen ruwa ta Apapa zuwa Arewa. Saba, wato babbar kwamfutar da sauran ke dogara da ita, ɗaya ce tal a ofishin, mai ɗauke da Windows Server 2012 R2, wadda Microsoft ta janye mata tallafi tun 10 ga Oktoba 2023. Ita ke tantance duk ma'aikacin da ya buga sunansa da kalmar sirri, ita ce DNS mai fassara sunayen na'urori zuwa adireshi, ita ke raba adireshin IP da ake gane kowace na'ura da shi, kuma a cikinta foldar akanta take. Sunanta SERVER01.

Alhaji ya zo da buƙatu biyu. Sabuwar na'ura ta gaji sunan tsohuwar, sannan a sauya gaba ɗaya sunan domen ɗin, wato rukunin da ya tattara kwamfutoci da ma'aikatan ofis ƙarƙashin suna ɗaya, domin a cikinsa akwai sunan abokin kasuwancin da suka raba gari.

"Injiniya," ya ce, "kullum na kunna kwamfuta sai na ga sunan mutumin nan. A cire shi."

Na ce, "Ranka ya daɗe, za ka daina ganinsa a inda kake shiga. Amma a bar ni in bi ta hanyar da ba za ta tsayar da lodi ba."

Na fara da sabar. Na'urori biyu ba sa zama a domen ɗaya da suna ɗaya, don haka wanda ya dage sai sabuwa ta ɗauki tsohon suna tun farko, dole ya sauke tsohuwa kafin sabuwa ta tsaya da ƙafarta. A ofis mai saba ɗaya, wannan ganganci ne. Na ba sabuwar nata sunan, gajere, tunda NetBIOS, tsohon tsarin sunayen kwamfuta, ba ya karɓar fiye da haruffa 15, na shigar da ita domen a matsayin mamba.

A nan aka sami cikas na farko. An gina domen ɗin tun zamanin Windows Server 2003, kuma foldar SYSVOL, inda dokokin Group Policy masu tsara saitin kwamfutoci suke, har yanzu da tsohon tsarin FRS take kwafar kanta. Windows Server 2019 da waɗanda suka biyo bayanta ba sa yarda su zama masu riƙe da domen sai an koma sabon tsarin, DFSR. Umarnin dfsrmig ke yin wannan, mataki uku bayan na farawa, kuma na ƙarshen ba a dawowa daga gare shi. Sai da na ɗauki cikakken kwafin ajiya, na kuma sa mai gadi ya tayar da janareta tun kafin a ɗauke wuta. Batiran inbata na ofishin sun tsufa, ban yarda da su ba.

Bayan an ɗaga sabuwar ta zama mai riƙe da domen, na duba da umarnan dcdiag da repadmin har na tabbata su biyun suna musayar bayanai ba kuskure. Sai na kwashe muƙaman FSMO guda biyar, ayyukan da saba ɗaya kaɗai ke riƙe kowannensu, zuwa kanta. A cikinsu wanda ya fi ba ni aiki shi ne PDC Emulator, saboda daga wurinsa duk kwamfutocin ofis ke karɓar lokaci, kuma Kerberos, tsarin da ke tantance masu shiga, ba ya lamuntar bambancin agogo da ya wuce minti 5. Sabar da ake yawan kashewa da kunnawa, in ƙaramin batirin agogonta ya mutu, za ta iya tashi da kwanan watan da ya wuce, safiya ta yi kowa ya kasa shiga. Na haɗa sabuwar da agogon intanet da umarnin w32tm.

Daga nan na gyara DHCP, mai raba adireshin IP, ya riƙa nuna wa kwamfutoci sabuwar DNS, na kwashe foldoji, na kashe tsohuwar sabar ba tare da na sauke ta ba, na zuba ido in ga wa zai yi kuka. Wannan ya fi kowace takarda da tsohon injiniya zai bari nuna gaskiyar abin da ke jingine da ita. Na'urar sikana ce ta fara, domin adireshin IP na tsohuwar aka rubuta mata. Na'urar ɗaukar zanen yatsa ta bakin ƙofa ta biyo baya. Sai akanta ya leƙo, ya ce, "Malam, manhajata ta ce ba ta ga SERVER01 ba, ga direbobi na jiran kuɗin mai." Wanda ya girka manhajar ya daɗe da barin Legas, kuma sunan na binne a wuraren da ba na son taɓawa.

Maganin bai buƙaci sauya sunan kowa ba. Na kunna tsohuwar, na sauke ta daga muƙaminta yadda ya kamata, na cire ta daga domen, na share ragowar sunanta a DNS. Sabuwar ta ɗauki tsohon adireshin IP, sannan da umarnin netdom computername na ƙara mata SERVER01 a matsayin suna na biyu. Na fi son wannan a kan rubuta CNAME kawai, wato laƙabi a DNS, domin netdom yana rajistar sunan a wurin Kerberos ma. Manhajar akanta ta kira tsohon suna, sabuwar saba ta amsa.

Saura maganar domen. Akwai rendom, umarnin sauya sunan domen, yana nan tun Windows Server 2003, kuma yana aiki. Amma bayansa sai an gyara Group Policy da umarnin gpfixup, kowace kwamfuta sai an sake kunna ta sau biyu tana haɗe da ofis, alhali wasu laftof ɗin suna reshen Kano, wasu suna jakar masu kiliyarin da ke yini a tasha. Wadda ta ɓace a lokacin, da hannu za a sake shigar da ita. Inda kuma akwai sabar imel ta Exchange 2007 ko wanda ya fi shi sabunta a cikin gida, Microsoft ba ta amince da sauyin ba sam. A ganina, kashe gida ne don korar ɓera ɗaya.

Abin da ke damun Alhaji shi ne abin da idonsa ke gani. Kamfanin na da rajistar sabon sunansa a .com.ng, wanda suke amfani da shi a imel. Na ƙara shi a matsayin sabon ƙarshen UPN, wato sunan shiga mai siffar adireshin imel, a manhajar Active Directory Domains and Trusts, na sauya wa ma'aikata, kowa ya koma shiga kwamfuta da adireshin imel ɗinsa. Na gaya masa gaskiya cewa tsohon sunan na nan a ƙarƙashi, kuma zai riƙa leƙowa a wasu lungunan. In yana son a tuge shi daga tushe, sai an gina sabon domen an kwashe mutane a hankali, kuma a ranar ba zan sa masa suna mai ƙarewa da .local ba: yana karo da Bonjour, tsarin da na'urorin Apple ke gano juna da shi, kuma tun Nuwamba 2015 masu ba da satifiket na intanet suka daina ba irin waɗannan sunaye.

Ya tambayi kuɗin wancan aikin, na faɗa, ya ce a bari sai bayan Sallah. Abin da na matsa masa a kai shi ne saba ta biyu mai riƙe da domen a reshen Kano, don in ta Apapa ta kwanta a sami inda za a ɗauko sunayen ma'aikata. Wannan ya sa hannu a kai, an aika Computer Village, kasuwar kwamfuta ta Legas, a tambayo farashi.