Ku koma kashi na farko da biro a hannu

Ƙannena masu haɗa wasan barkwanci da waya a Birnin Kebbi da Jega da Argungu, da yawanku kuna turo mini kashin farko na shirinku ku ce in duba. Ina dubawa, kuma kusan kullum ciwon ɗaya ne: ko dai minti biyar ta wuce ban gane kowa ba, ko kuma an zaunar da ni an karanto mini halin kowa har na ƙosa. Ciwon nan na san shi, domin ni ma ya taɓa kwantar da ni. Roƙona gare ku, kafin ku sake ɗaga kyamara, ku nemo shirin da kuka fi ƙauna, wanda kuka haddace mutanensa, ku koma kashinsa na ɗaya. Kada ku kalla don dariya, wannan kun riga kun yi. Ƙofa za ku sa wa ido: wa ya fara shigowa, me ya kawo shi, da wa ya ci karo.

Ni nawa shi ne Mind Your Language, wanda tashar ITV ta Ingila ta fara nunawa ranar 30 ga Disamba 1977. Vince Powell ne ya rubuta, Barry Evans ya fito a matsayin malami Jeremy Brown. Ajin yamma ne a Landan, inda baƙi 'yan ƙasashe daban-daban ke koyon Turanci. Ɗalibai goma, ga malami, ga shugabar makaranta: mutum goma sha biyu ke nan da za a gabatar cikin ƙasa da rabin awa. Duk wanda ya taɓa gwada gabatar da mutum huɗu a takarda ya san wannan ba ƙaramin kaya ba ne.

Ku lura da inda aka fara. Ba a aji ba ne, a ofishin Miss Courtney ne, shugabar makarantar. Ali Nadim ɗan Pakistan ya shigo neman a rubuta sunansa, yana hargitsa kalmomi, ita kuma tana amsa masa fuska a murtuke. Daga wannan gajeriyar fitowa mai kallo ya san Ali, ya san matar, ya kuma san irin aikin da ke jiran duk wanda zai koyar a nan. Sai ga Brown. Ta nuna masa ƙarara cewa mace ta so a turo mata, ta ba shi labarin malamin da ya gada, wanda ɗaliban suka zautar har ya hau rufin makaranta, sannan ta ce za ta gwada shi na wata ɗaya. Tun bai taka aji ba mun san abin da yake nema, mun san abin da zai rasa, mun san wadda ke jiran ya faɗi.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta rajista. Sabon malami dole ya tambayi suna da sana'a, don haka tambayar ba ta zama ƙaƙale ba, aikinsa ne. Giovanni kuku ne ɗan Italiya, Max Bagirke yana aiki a kamfanin jiragen ruwa, Anna Bajamushiya tana aikin raino a wani gida, Su-Lee sakatariya ce a ofishin jakadancin Sin, Jamila matar aure ce da kusan ko kalma ɗaya ta Turanci ba ta ji. Amma bayanin suna da sana'a ba shi ke sa a riƙe su ba. Wurin zama ne. Aka ce Ranjeet Singh ya zauna kusa da Ali, ya ce atafau, shi mabiyin addinin Sikh ne, wancan kuma Musulmi. Danielle Bafaranshiya ta shigo, nan take Giovanni da Max suka fara ja-in-ja kan wanda zai zauna kusa da ita. Kujera kawai aka yi amfani da ita, aka dasa rigingimun da shirin ya yi shekaru yana ci.

Na kalli duk wannan tun ina yaro, amma ban gani ba. Da muka tashi yin namu, a teburin mai shayi muka kafa shi, a bakin tashar mota. Akwai mai shayin, da ɗan kamasho, da dillalin albasa ɗan Aliero, da tsohon soja ɗan Zuru, da wani Bazabarme mai sayar da agogo da tabarau. Sai na buɗe kashin farko da baƙo ya zauna, mai shayi yana firfita wuta yana ba shi labari: wancan marowaci ne, wancan maƙaryaci ne, wancan bashi ya yi masa katutu. Su kuwa waɗanda ake magana a kansu suna zaune riƙe da kofi, ba wanda ya motsa. Na kai wa kawuna ya gani. Ya kalla shiru, ya miƙo mini wayar, ya nuna dillalin da yatsa ya ce, "To ɗana, shi wanga mi yaka so?" Ban da amsa. Na rubuta masa hali, ban rubuta masa buƙata ba. Da na sa shi ya zaro dunƙulen suga daga aljihu don kada a caje shi kuɗin suga, ko ya tsaya ƙirga canji sau biyu motarsa na shirin tashi, da ba sai wani ya ce marowaci ne ba.

Kuskure na biyu ya fi wannan nauyi, kuma daga shirin da nake ƙauna na kwaso shi. Na ɗauka sirrin yana cikin karin harshe, cewa kowa a ba shi ƙabila da gurɓatacciyar magana, shi ke nan an gama. Sai na mayar da tsohon sojan nan ba komai ba sai tsawa da karyayyar Hausa, Bazabarmen kuma sai juya namiji mace. Abokina da ya fito a sojan ɗan Zuru ne na gaske, Hausarsa ta fi tawa tsabta. Ya yi kashi na farko don yana jin kunyata, daga nan ya ce ba zai ƙara ba. Ya ce mini mahaifinsa soja ne, kuma ba haka yake ba. Mutum ne da ya yi golmo, ya shekara da shekaru yana noma a gonar surukai kafin a ba shi mata, ya dawo daga aikin soja yana bin haƙƙinsa na fansho daga wannan ofis zuwa wancan. Ya ce in ina neman abin dariya da abin tausayi, ga su nan, me ya kai ni bakin mutane? Maganar ta zauna mini, kuma gaskiya ya faɗa.

Shi kansa Mind Your Language a nan ya yi tuntuɓe. Bayan zango uku aka dakatar da shi a 1979, kuma Michael Grade na London Weekend Television, kamfanin da ya shirya shi, wanda shi ne ya yanke hukuncin, ya ga yadda ake zana baƙi da sifa ɗaya tak abin ƙyama ne. Har gobe ina son shirin, amma da na sake kallo da idon mai rubutu na ga dalilinsa. Su-Lee ta shigo da ɗan jan littafin Mao, tsohon shugaban Sin, haka ta ci gaba. Taro ɗan Japan ya shigo yana rusunawa, haka ya ci gaba. Sifa ɗaya ƙofa ce ta shiga gida, amma wasu daga cikinsu an bar su tsaye a zaure har shirin ya ƙare. Mu kuma a Kebbi abin ya fi kusa da jiki. Masarautu huɗu gare mu, Gwandu da Argungu da Yauri da Zuru, ga Kabawa ga Fulani ga Dakarkari ga Kambari ga Zabarmawa ga Gungawa, kasuwa ɗaya muke ci. Wanda ka kwaikwaya yau, gobe a mota ɗaya za ku zauna zuwa Sakkwato. Na san muna da wasan barkwanci na gado, irin na Fulani da Barebari ko Gobirawa da Yarbawa, amma wancan kowa yana da bakin ramawa. A shirinka kai kaɗai ke riƙe da biro.

Don haka idan kun zauna kallon, ku raba takardar gida uku. Ku rubuta abin da kowane mutum ya fara yi da ya shigo, ba abin da aka ce a kansa ba. Ku rubuta abin da yake nema a wannan ranar. Ku rubuta wanda ya tare masa hanya. Wanda gidansa na biyu ya zauna fayau, ku bi shi zuwa zango na biyu ku gani, galibi za ku tarar maganarsa ɗaya ake ta maimaitawa. Sannan ku nemi irin rajistar nan a naku wurin: ɗan kamasho mai rubuta sunayen fasinjoji, mai unguwa da ke sauraron ƙara, sabuwar amarya da ake zagayawa da ita gaida dangin miji. Duk waɗannan suna ba ku damar tambayar "wane ne kai" ba tare da an ji ƙamshin marubuci ba.

In kun ɗauki minti biyar na farko, kada ku saka a YouTube tukuna. Ku kai wa inna ko wani kawu da bai san labarin ba, ku yi shiru, kada ku yi masa bayanin komai. In ya gama ku tambaye shi wa ya fi so, wa yake jin zai jawo rigima, kuma shi wancan mai jar hula me ya kawo shi tasha. Duk mutumin da ya kasa ba ku amsa a kansa, ku koma ku sake rubuta shigowarsa kafin ku tara 'yan wasa ku ƙona kuɗin data da na mai.