Kashi nawa, kuma na wane adadi?

Aikin duba takardun kuɗi ya koya mini cewa mutane ba su cika yin kuskure wajen ninkawa ko rabawa ba. Inda ake yin tuntuɓe shi ne a manta da adadin da aka ɗora kason a kansa.

A ce an rage wa ma'aikaci kashi 20 cikin 100 na albashinsa, bayan wani lokaci aka ce an ƙara masa kashi 20. Zai ɗauka an mayar masa da haƙƙinsa, alhali da saura. Idan albashin 100 ne, ragin ya kai shi 80, ƙarin kuma a kan 80 ɗin aka lissafa shi, wato 16. Ya tsaya ke nan a 96. Kafin ya koma inda yake daga 80 ɗin, sai an ƙara masa kashi 25. Wannan yana damuna sosai, domin wanda abin ya shafa yakan yi godiya ya tafi, bai san an bar shi da giɓi ba.

Haka lissafin riba yake. Wanda ya sayi kaya a 80 ya sayar a 100 ya ci ribar kashi 25 idan an auna da kuɗin saye, amma kashi 20 ce idan an auna da kuɗin sayarwa. Na sha ganin abokan kasuwanci suna gardama a kan wannan, kowa da gaskiyarsa, sai dai ba abu ɗaya suke aunawa ba. Shi ya sa kafin in taɓa na'urar lissafi nakan tambaya: kason nan, na me ne?

Haraji ma yana da nasa tarkon. Idan jimilla 110 ce har da harajin kashi 10, cire kashi 10 daga 110 zai ba ka 99, wanda ba daidai ba ne. Raba 110 da 1.1 za a yi, sai ainihin farashin, 100, ya fito. Kuɗin ruwa kuwa, in ya tashi daga kashi 4 zuwa kashi 6, a baki ƙarin 2 ne kawai, amma abin da mai bashi zai biya na ruwan ya ƙaru da rabi.

Da zarar an tabbatar da tushen, sauran aikin ana iya yinsa da ka. Nakan fara da kashi 10, wato in raba adadin gida goma. Rabin wannan shi ne kashi 5, don haka kashi 15 na 360 shi ne 36 da 18, ya zama 54. Akwai kuma dabarar juyawa da nake matuƙar so: kashi 8 na 50 daidai yake da kashi 50 na 8, wato 4, tunda ninkawa ba ruwanta da wanda ya zo farko.