Tsayuwar Turke a Dutsen Wudang

Kwantena ce ta jawo wannan tafiya. Na sauka Guangzhou ta ƙasar Sin a watan Oktoba da niyyar in ga an loda yadin da na yi oda, in juyo shagona a Kantin Kwari, sai masu masana'anta suka ce in ƙara musu kwana goma sha biyu, rinin bai fito daidai da samfurin da na ba su ba. Duk wanda ya taɓa zaman jiran kaya a unguwar Xiaobei ya san yadda kwanakin suke, daga masauki sai gidan abinci, waya kuma ba ta barin kunne. Ga shi dama na zo da larurar da na daɗe ina fama da ita, rashin barci da sandarewar wuya, kamar an aza mini buhu a kafaɗa an manta ba a sauke ba.

Bayan sallar asuba nakan taka zuwa lambun Yuexiu. A can na fara lura da tsofaffi rukuni-rukuni, wasu na ɗaga hannu a hankali kamar masu ture ruwa, wasu a tsaye cik. Wata tsohuwa ce ta fi ɗaukar hankalina. Ta ɗan lanƙwasa gwiwa, ta buɗe hannuwa a gabanta, na duba agogo, minti ashirin ba ta gusa ba. Da ta gama sai ta ɗauki jakar cefanenta ta tafi da sauri irin na yarinya.

Na kira ɗan yayata da ke karatun likita a Wuhan na kwatanta masa. Ya ce, "Kawu, ai qigong ne. Tunda kayan ba su tashi ba, ka taho in kai ka inda ake koyar da shi, ina da hutun sati." A bakinsu "cigung" ake ji, kuma kalma biyu ce. Ta farkon furucinta sak "ci" na cin tuwo, tana nufin numfashi da iska, da kuma ƙarfin da suke cewa yana zagaya jikin mai rai. Ta biyun kuwa aiki ne da aka daɗe ana yi har hannu ya faɗa. Sunan bai bazu ba sai a shekarun 1950, sa'ad da wani mai suna Liu Guizhen ya riƙa jinyar marasa lafiya da shi a Tangshan da Beidaihe, amma abin kansa tsoho ne tukuf.

Tsufan nasa na gani da idona a Changsha, inda muka haɗu da yaron. Awa biyu da rabi jirgin ƙasa ya yi daga Guangzhou, allon cikinsa na nuna kilomita 300 a awa. A gidan tarihin lardin Hunan akwai kayan da aka tono a kaburburan Mawangdui, cikinsu har da wani ƙyallen siliki da aka samu a 1973, a kabarin da aka rufe tun shekara ta 168 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ƙyallen ya ruɓe, sai da aka sake zana shi kafin ido ya iya karanta shi. Mutum 44 ne a sahu huɗu, maza da mata, wannan ya duƙa, wancan ya miƙe, wani riƙe da sanda. A gefen wasu an rubuta ciwon da motsin ke yi wa magani, har da ciwon gwiwa da kurumta. Ni mai sayar da yadi ne, na daɗe a tsaye ina kallon ƙyallen da ya haura shekara dubu biyu.

Daga Changsha muka yi Wuhan, daga nan kusan awa biyu a layin dogon da aka buɗe a 2019 zuwa gindin tsaunukan Wudang, a arewa maso yammacin lardin Hubei. A garin ƙasa muka samu shagon Musulmi masu jan taliya da hannu, muka ci muka ƙoshi, domin a sama abincin ganye ne da shinkafa da awara. Awararmu dai ta waken suya, sai dai su sun fi dafa ta cikin romo.

Wudang matattarar mabiya addinin Dao ce. Sarki Yongle na daular Ming ne ya sa aka soma manyan gine-ginenta a 1412, UNESCO kuma ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 1994. Saboda haka tun ranar farko na sa yaron ya gaya wa malamin da muka samu, wanda ɗalibansa ke ce wa shifu, cewa ni Musulmi ne, ba zan rusuna wa gunki ba, ba zan kunna turare ba. Dattijon, gashinsa a naɗe a tsakar ka, ya gyaɗa kai ya ce shi ƙafafuna da numfashina kawai yake buƙata. Haka kuwa aka yi har muka rabu, kuma na ji daɗin wannan mutunci.

Na zo da tsammanin za a koya mini motsin hannu masu kyan gani. Sai ya ce in tsaya. Ya sa yatsa biyu a ƙirjina ya ɗan tura, na yi baya taku biyu. Ya ce to ni ma in tura shi. Na sa tafuka biyu, na yi iya yina, kamar ina tura kututturen kuka. Na girme shi a jiki nesa ba kusa ba. Ya ce da yaron, "Gaya wa kawunka nauyinsa duka yana ƙirji da kai, ƙasa ba kowa."

Darasin kwana biyun farko ke nan, abin da suke kira zhan zhuang, wato tsayuwar turke. Ƙafafu daidai faɗin kafaɗa. Gwiwa a ɗan lanƙwashe, kada ta wuce yatsun ƙafa. Ƙugu ya sauka kamar za ka zauna a bakin doguwar kujera, haɓa ta ɗan shiga ciki, harshe ya taɓa bayan haƙoran sama, hannuwa kamar ka rungumi randa. Sai ka kai hankalinka wuri biyu. Na farko kwarmin tafin ƙafa ne, can kusa da yatsu, wanda suke kira yongquan, maɓuɓɓugar ruwa. Na biyu cikin mara, yatsa uku ƙasa da cibiya, shi ne dantian, gonar magani, inda suke cewa ƙarfin jiki ke taruwa. Ƙa'idarsu ita ce sama ya zama sakayau, ƙasa ya cika. Malamin ya ce tsohuwar magana ce a wurinsu, yawancin mutane da maƙogwaro suke numfashi, cikakken mutum kuwa daga diddige.

Minti uku na yi a karon farko cinyoyina suka kama rawa. Yakan zo ya dafa kafaɗata, sai in tarar ashe ta haye kusa da kunne ban sani ba. Ya sauke ta, in ya juya ta sake hawa. A nan na gane buhun da nake ji ni ne nake riƙe da shi, shekara da shekaru. Na kuma tuna 'yan kokawar da nake kallo ina yaro, yadda gwani ke kafa ƙafa ya saukar da ƙugu, a yi ta girgiza shi bai tumɓuke ba.

Rana ta uku tafukan hannuna suka ɗauki ɗumi, na ji wani abu na yi mini yawo a yatsu. Murna ta kama ni. Bayan isha'i na tsaya ni kaɗai a ɗaki, ina jan numfashi da ƙarfi, ina tattara hankali a goshi don abin ya ƙaru. Na kusa awa guda. Sai jiri, leɓɓana suka yi sanyi, kaina ya ɗauki zafi, zuciya na dukan uku-uku. Daren nan ko runtsawa ban yi ba, kuma na tsorata ƙwarai, ga ni a kan dutse a ƙasar mutane.

Da safe malamin ya kalli idona, ya taɓa ƙafata ya ji ta yi sanyi ƙalau, ya ce na kora ci sama na bar shi a can. Ya ce sananniyar matsala ce, idan ta yi tsanani suna kiranta zou huo, wato wuta ta ƙwace, kuma gaggawa ce ke kawo ta. Yaron nawa ya yi mini nasa bayanin na asibiti: yawan jan numfashi da sauri na rage iskar kabon a jini fiye da kima, jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa su tsuke, sai jiri da mutuwar yatsu. Na lura da abu guda. Bayaninsu ya bambanta, amma maganin da suka ba ni ɗaya ne, in daina cusa iska, in bar fitar numfashi ta fi shigarsa tsawo, in mayar da hankali ƙasa.

Ranar ya hana ni ɗaga hannu gaba ɗaya. Ya koya mini rufewa, abin da suke kira shou gong, ya ce wanda bai iya shi ba kada ya fara. Ka ɗora tafi kan tafi a mara, ka yi numfashi a hankali har zuciya ta lafa. Ka murza tafuka su yi ɗumi ka shafe fuska, ka bubbuga cinya da ƙwauri daga sama zuwa ƙasa. Sannan ka ɗaga diddige ka sake shi ya bugi ƙasa, sau bakwai, wanda shi ne motsi na ƙarshe cikin jerin motsi takwas da suke kira baduanjin, wanda hukumar wasannin ƙasarsu ta daidaita a 2003, shi ne kuma tsofaffin lambun Yuexiu suka fi yi. Ni dai na fahimce shi kamar kiwo ne, in ka saki dabbobi da safe, dole ka koro su turke kafin magariba. Wannan darasi ya fi mini duk sauran amfani, kuma ina ganin duk mai koyon abin nan daga bidiyo a waya, shi ne abin da zai fi saurin tsallakewa. Maganin hawan jinina kuwa ban fasa sha ba ko kwana ɗaya, malamin ma bai ce in fasa ba.

Rana ta shida muka hau ƙololuwa. Daga wurin ibadarsu na Nanyan matakalar dutse ce zalla, sama da awa uku muka yi. 'Yan dako na wuce mu da sandar gora a kafaɗa, kaya a rataye gefe biyu irin na 'yan ga-ruwa, katan-katan na ruwan sha da buhunan shinkafa. Na bi bayan wani ina kallon ƙafarsa. Duk tafin yake ajiyewa a kan matakala, gwiwa a sake, numfashinsa na tafiya da takunsa. Na kwaikwaye shi, shaƙa a taku biyu, fitarwa a taku uku, sai hakin da nake yi ya ragu. Yaron ya waiwayo ya ce, "Kawu, ko mu huta?" Na ce mu je dai.

Ƙololuwar Tianzhu mita 1,612 ce, a kanta akwai ɗakin tagulla mai ruwan zinariya da aka kafa a 1416. Daga waje na tsaya, hazo na ratsa duwatsu a ƙarƙashinmu. A hanyar saukowa muka sami wani fili a gefe, yaron ya duba alƙibla a wayarsa, muka haɗa azahar da la'asar a kan rigunan sanyinmu.

Da dare na yi tsayuwar minti goma kacal, na rufe yadda aka koya mini, na kwanta. Yaron ne ya tashe ni sallar asuba. Da na ɗauki waya sai ga kira huɗu da saƙo daga masana'anta, tun ƙarfe goma sha ɗaya na dare, cewa rini ya fito, jibi za a loda. Wayar tana gefen matashina, ban ji ko ɗaya ba.